Faɗan da Ya Fi Ƙarfinka, Mai da Shi Wasa: Tarihin Zambo a Zamanin Mulkin Soja



Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa wani ɗan saɓani ne da aka yi a gaban rumfata kwanakin baya. Samari uku ne suka tsugunna suna kallon waya suna ta ƙyaƙyata dariya. Wani yaro ne a ciki ya sha babbar riga da hula yana kwaikwayon wani babban mai mulki, har da irin gyaran muryar da yake yi kafin ya fara jawabi. Wani dattijo abokin cinikina, wanda muka fi shekara 30 muna kwance huhun goro tare, ya leƙa ya gani, ransa ya ɓaci. Ya ce wannan rashin tarbiyya ne, kuma baƙon abu ne da waya ta kawo mana, su a zamaninsu ba a yi wa shugaba haka. Ya juyo gare ni wai in raba gardama, tunda ni nake jan salla in liman ba ya nan.

Na ce, Alhaji, maganar tarbiyya sai mun zauna mun duba ta, amma baƙon abu kam a'a. Ni da kai mun yi dariyar da ta fi wannan, a zamanin da ake ɗaure mutum saboda ita. Ciniki ya katse mu, ban ƙarasa ba shi amsa ba. To ga amsar nan na rubuto, don samarinmu da aka haifa bayan 1999 ba su san mulkin soja ba sai a labari, mu kuma da muka gani mun fara mantawa.

Tun daga gida

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa akwai maganar da ba ta faɗuwa a gaban mai iko sai an sa mata rigar wasa. A fadojin ƙasar Hausa akwai wawan sarki. Shi yana iya faɗa wa sarki abin da waziri ba zai iya ba, domin in sarki ya yi fushi da wawa, sarkin ne ya ji kunya. Akwai wasan gauta, inda matan gidan sarauta suke shirya fada tasu, wata ta zama sarki, wasu su zama hakimai, su kwaikwayi tafiyar kowa da maganarsa da yadda yake yanke shari'a. Sarki na kallo yana dariya, amma ya ga kansa. A ƙauyuka bayan kaka samari da 'yan mata suna yin kalankuwa, su ma su naɗa nasu masu mulki. Ga tashe a watan azumi. Ga tatsuniyar Gizo da kakanninmu mata suka raine mu da ita: ƙarfi na wurin zaki da kura, amma kullum Gizo ne yake mai da su abin dariya. Duk yaron da ya ji wannan ya koyi cewa mai ƙarfi ma yana iya zama wawa.

Makaɗa kuma suna da makami biyu, zambo da habaici. Zambo shi ne a siffanta mutum a fito da aibinsa har kowa ya gane shi. Habaici kuwa ba a kama suna, a jefa magana ne sama a bar ta, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ku riƙe wannan bambanci, don za mu gan shi a gaba.

Da siyasa ta zo, aka shiga da waɗannan makamai cikinta. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi, da kuma lokacin da yake koyarwa a Bauchi, yana shirya wasannin kwaikwayo masu yi wa macuta da azzaluman masu sarauta ba'a. Bayan kafa NEPU a 1950, mawaƙanta da na NPC suka yi ta musayar zambo. Sai dai ɓangare ɗaya ne ke da alƙali da 'yan doka da gidan yari. Talakawa da yawa sun sha ɗauri da bulala a kan laifin da ake kira zagin sarki, wani lokaci abin bai wuce waƙa ko baƙar magana a kasuwa ba. Ke nan tun kafin soja ya ɗanɗana mulki, Bahaushe ya san daɗin wannan wasa, ya kuma san kuɗinsa.

Abin da muka tarar a Kurmi

Iyayenmu da suka gangaro fataucin goro da shanu sun tarar masu gari su ma da irin nasu. Tun zamanin Turawa akwai Akinola Lasekan, mai zanen barkwanci a jaridar West African Pilot ta Azikiwe, wanda ya yi shekaru yana zana 'yan mulkin mallaka yadda ba sa so. Akwai kuma Hubert Ogunde, tsohon ɗan sanda da ya koma wasan kwaikwayo yana yawo gari gari da 'yan wasansa. A 1964 ya fito da wasa mai suna Yoruba Ronu, wato Yarbawa ku yi tunani. Labarin wani sarki ne da mataimakinsa ya ci amanarsa. Bai kama sunan kowa ba, habaici ne tsantsa. Amma a lokacin Awolowo na kurkuku, tsohon mataimakinsa Akintola na kan kujerar firimiyan Jihar Yamma, saboda haka ba wanda bai gane ba. Gwamnatin Akintola ta hana Ogunde wasa a duk faɗin jihar. Sai da sojoji suka karɓi mulki a 1966 aka ɗage masa takunkumin.

Ku lura da wannan. Soja ne ya kwance wa mai wasa baki a farko, har mutane suka zaci mai kaki abokin mai faɗar gaskiya ne. Ba a daɗe ba aka gane kuskure. Daga Janairun 1966 zuwa Oktoban 1979, sannan daga ranar ƙarshe ta 1983 zuwa Mayun 1999, in ka cire 'yan watannin Shonekan, kusan shekara 29 ke nan ƙasar nan tana hannun soja.

Shi mulkin soja ba ƙuri'a ce ta kawo shi ba, kwarjini ne jarinsa. Muddin ana tsoronsa yana nan. Wanda kuwa ka yi wa dariya, tsoronsa ya ragu a zuciyarka ko da na rana ɗaya ne. Shi ya sa suke jure zagi wani lokaci amma ba sa jure raini. A 1973 a Fatakwal, wani ɗan jarida Minere Amakiri ya buga labarin koken malaman makaranta, aka yi rashin sa'a labarin ya fito ranar bikin haihuwar gwamnan soja na jihar. Aka kama shi, aka aske masa kai, aka yi masa bulala 24. Shi ko wasa bai yi ba, an dai ga kamar ya ɓata wa mai gida biki.

Duk da haka akwai wanda ya sami hanyar sa mutane su yi wa kaki dariya ba tare da an taɓa shi ba. Wa ya manta Samanja Mazan Fama? Usman Baba Pategi tsohon soja ne, ya san bariki ciki da bai. Yana fitowa daga Kaduna da gashin baki da tsawa da Hausar bariki, yana ba da oda, a ƙarshe sau da yawa odar ta koma kansa. Sojoji da kansu suna son shirin, domin wawan sarki ne na zamani: ya tsaya a kan samanja da kurtu, bai hau kan janar ba.

Wanda ya hau kan janar

Wanda ya hau kan janar shi ne Fela. In faɗi gaskiya, rayuwar mutumin nan ba abin koyi ba ce a wurinmu. Hayaƙin da yake sha, da shigar da yake yi, da yadda bakinsa bai bar malamai da limaman coci ba, duk mun sani. Amma tarihi ba a rubuta shi da son rai. Wajen ƙarshen 1976 ya fitar da faifan Zombie, inda ya kamanta soja da gawar da aka tayar da tsafi, ba ta motsi sai an ba ta umarni, ba ta tunani. Wannan zambo ne ƙiri-ƙiri. Faifan ya cika Legas, har yara suna ganin soja a titi su kira sunan su ruga.

Ranar 18 ga Fabrairu 1977, kwana kaɗan bayan an watse daga bikin FESTAC, sojoji kimanin 1,000 suka kewaye gidansa da yake kira Kalakuta, a nan kan Agege Motor Road wajajen Moshalashi. Suka doki mutanen gidan, suka cinna masa wuta, suka jefo mahaifiyarsa daga tagar bene. Ita kuwa ba ƙaramar mace ba ce, Funmilayo Ransome-Kuti ce, wadda ta jagoranci matan Abekuta suka yi wa Alake bore a kan haraji har ya bar gadon sarauta na wani lokaci a 1949. Ba ta ƙara lafiya ba har ta rasu a Afrilun 1978. Ina ɗan shekara bakwai lokacin, abin da nake iya tunawa shi ne mahaifina ya dawo daga Ikko da dare sosai, ya ce an tare hanya, hayaƙi ya rufe sama.

Gwamnatin Obasanjo ta kafa kwamitin bincike, kwamiti ya ce wani soja ne da ba a san ko wane ne ba ya yi aikin. Fela ya ɗauki wannan magana ya mai da ita sunan faifai. A 1979, dab da soja zai miƙa wa Shagari mulki, ya ɗauki akwatin gawa ya kai ƙofar Barikin Dodan, fadar shugaban ƙasa ta lokacin, ya ajiye musu. Yau in ka ce sojan da ba a sani ba, duk wanda ya yi zamanin ya san ƙaryar hukuma kake nufi. Rahoton kwamitin kuwa ban taɓa gamuwa da wanda ya ce ya karanta shi ba.

Zamanin layi da tsallen kwaɗo

Da Buhari da Idiagbon suka zo a ƙarshen 1983, jama'a da dama sun yi murna, mu ma a Zango mun yi, don 'yan siyasa sun gundure mu. A Maris 1984 aka ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a. Ma'aikacin da ya makara a sa shi tsallen kwaɗo a gaban na ƙasa da shi. Sabulu da madara da sukari suka zama sai an bi layi, soja na tsaye da bulala. A Afrilu aka canja launin kuɗi, aka ba da 'yan kwanaki kowa ya kai nasa banki. Ku tambayi duk wani tsohon falke abin da ya gani a wannan mako, mutanen da dukiyarsu ke ɗaure a lalita da ƙarƙashin tabarma, ba su taɓa shiga banki ba.

Ina cikin irin wannan layi wata rana an aike ni sayen sabulu, wani mahauci a bayana ya sunkuyo ya ce a hankali, “Gwamnatin nan ta iya daidaita sahu, ko a masallaci ba mu miƙe haka ba. Sai dai shi liman in an sallame ba ya cewa kaya sun ƙare.” Dariya ta bi layin nan a ɓoye, kowa na rufe baki da hannun riga. Sojan ya juyo yana zare ido, bai san wa zai doka ba. Ban manta fuskarsa ba har yau.

A shekarar nan aka kafa dokar soja mai lamba 4. Ita wannan doka ba ƙarya kaɗai ta hana ba, ta haɗa da duk labarin da zai jawo wa gwamnati ko jami'inta ba'a ko zubewar mutunci. Wato an rubuta tsoron dariya a cikin dokar ƙasa. Da ita aka ɗaure 'yan jaridar Guardian biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara guda. Fela ma aka kama shi a filin jirgin sama na Ikeja a kan maganar kuɗin waje, aka yanke masa shekara biyar, har kurkukun Maiduguri ya zauna. Sai a 1986 aka sake shi.

Mai wushirya

Babangida da ya hamɓarar da su a Agustan 1985 ya fi su dabara. Ya soke doka mai lamba 4, ya saki fursunoni, yana murmushi. Mutane suka sa masa Maradona, sunan ɗan ƙwallon Ajantina, saboda yadda yake yanke 'yan siyasa. Ya ce zai miƙa mulki a 1990, ya mai da shi 1992, ya mai da shi Janairun 1993, ya mai da shi Agusta. Ya ƙirƙiri jam'iyyu biyu da kansa, SDP da NRC, ya gina musu ofisoshi, ya rubuta musu manufa. Nan ga darasi: shi wannan suna bai dame shi ba, kamar ma yana jin daɗinsa, don zambon da ke cewa kai gwani ne ya zama kirari. Ana ta dariyar yankan da yake yi, naira da take kusan kai ɗaya da dala kafin 1986 ta koma sai ka ba da wajen 22 a 1993. A zamanin nan ne kuma aka kashe Dele Giwa, editan Newswatch, da bam a cikin ambulan a gidansa na Ikeja, ranar 19 ga Oktoba 1986, har yau ba a hukunta kowa ba.

A waɗannan shekaru ne na fara tsayawa wurin mai jarida a Pen Cinema, cikin masu karatun kyauta. Ni bokona bai taka kara ya karya ba, allo da Islamiyya na yi. Amma zanen barkwanci ba ya neman Turanci. In ka ga an zana kaki da wushirya, ka san wane ne. Daga baya in ka ga baƙin tabarau, ka san wane ne. Ɗan dako da direban danfo da mai goro duk muna tsaye kafaɗa da kafaɗa muna karanta abu ɗaya.

Inda dariyar ta fara yi mana ɗaci

A nan ne nake so mu yi wa kanmu adalci, don wannan ɓangaren tarihin namu ne mu mazauna Kudu, 'yan'uwanmu na gida ba su ɗanɗana shi kamar mu ba.

An yi zaɓen 12 ga Yuni 1993, Abiola ya kayar da Bashir Tofa har a Kano. Aka soke zaɓen. Babangida ya sauka a Agusta, Abacha ya karɓa a Nuwamba. Daga nan jaridu irin su Tell da TheNews da Tempo suka koma bugawa a ɓoye, yau a wannan maɗaba'a gobe a waccan, masu sayarwa suna ɓoye su a ƙarƙashin wasu jaridu. A 1995 aka ɗaure 'yan jarida huɗu da sunan suna da hannu a yunƙurin juyin mulki. A Nuwamban shekarar aka rataye Ken Saro-Wiwa a kan gwagwarmayar Ogoni, mutumin da ya rubuta Basi and Company, wasan dariyar da aka yi shekaru ana kallo a talabijin. A 1998 aka tara jama'a a Abuja wai mutum miliyan biyu suna roƙon Abacha ya zarce, jam'iyyu biyar da aka yi wa rajista duka suka tsayar da shi ɗan takararsu. Bola Ige ya kamanta jam'iyyun nan da yatsu biyar na hannun kuturu. Yau 'yan kaɗan ne za su iya lissafa sunayen jam'iyyun, amma kwatancen ya zauna.

To mu a ina muka tsaya? Da yawanmu haushi muke ji. Ni kaina na rataye kalanda mai hoton Janar a rumfa. Maƙwabcina tela, Bayarabe, in ya miƙo mini jarida yana dariyar baƙin tabarau, sai in ji kamar ni yake wa. Muna cewa ai namu ne. Amma namun nan ne ya tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki a Afrilun 1996 ya tsare shi. A hannunsa Shehu Musa 'Yar'aduwa ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disambar 1997. A zamaninsa Bagauda Kaltho, wakilin TheNews a Kaduna, ya ɓace. Layin man fetur bai tambayi garinmu ba. Motar goro ta kwana uku a hanya tsakanin shingen bincike da rashin mai, kaya su lalace, ba wanda ya ce a ɗaga mana don mun iya yaren shugaban ƙasa. Mun yi ta kare mutumin da bai san muna yi ba, muka hana kanmu dariyar da muka fi kowa cancanta da ita.

Wannan laifinmu ke nan. Akwai kuma na ɗaya ɓangaren, shi ma sai an faɗa. A cikin molue da tasha, ba'ar ta fara zamewa daga kan janar tana sauka a kan mai shayi da mai gadi da mai yankan farce. Kwandasta ya kwaikwayi harshenmu mota ta ɗauka da dariya. Gambari da aboki, kalmomin da muka saba ji ba komai, suka sami wani ɗanɗano daban. Aka manta Gowon ba Bahaushe ba ne, Obasanjo ɗan Abekuta ne, Idiagbon ɗan Ilori ne, Diya mataimakin Abacha ɗan Ogun ne, wanda ya jagoranci gangamin miliyan biyu ma ba ɗan Arewa ba ne. Kowace ƙabila ta ba da nata fadawan, amma mu muke kusa, mu ne kuma ba mu da bindiga. Tun a Afrilun 1990 mun ji ƙamshin abin, ranar da Manjo Orkar ya yi shela a rediyo cewa ya cire jihohi biyar na Arewa daga Nijeriya. Juyin bai yi nasara ba, amma a Zango ba wanda ya yi barci.

Ranar 8 ga Yuni 1998 Abacha ya rasu. Titunan Legas suka cika da murna, mu muka ja ƙofofin shaguna muka yi shiru. Bayan wata guda, 7 ga Yuli, Abiola ya rasu a tsare, tarzomar da ta biyo baya ta taɓa 'yan Arewa a garin nan. Soja ya koma bariki a 1999, amma abin da aka shuka bai koma tare da shi ba: Shagamu a Yulin 1999, Ketu da Mile 12 a Nuwamba, Idi-Araba a Fabrairun 2002. Kowane rikici da sanadinsa, ban ce barkwanci ne ya haddasa su ba. Kuma bayan Shagamu an rama a Kano a kan Yarbawan da ba su ji ba ba su gani ba, kamar yadda a nan akwai Yarbawan da suka ɓoye mutanenmu a ɗakunansu, telan nan maƙwabcina yana cikinsu. Abin da na ce shi ne, mutumin da aka shekara ana mai da shi abin dariya a mota, ranar da aka tashi dukansa hannu ba ya nauyi.

Me dariyar ta yi, me ta kasa?

Ba ta sauke kowa daga mulki ba. Buhari abokansa sojoji ne suka cire shi. Babangida yajin aiki da zanga-zanga da matsin cikin bariki suka sa ya matsa gefe. Abacha ajali ne. Haka abin yake a waje: Idi Amin na Yuganda da Bokassa na Afirka ta Tsakiya, wanda ya naɗa kansa sarkin sarakuna a 1977, duniya ta sha yi musu dariya, amma ƙarfin soja ne ya kore su duka biyu a 1979. Duk wanda ya ce maka da waƙa ko zane kaɗai ake korar azzalumi, ya ruɗe ka.

Abin da ta yi shi ne ta hana tsoro ya cinye mu gaba ɗaya. A layin sabulun nan, da dariya ta zaga, kowa ya gane ba shi kaɗai ne ke ganin abin da yake gani ba. Sannan ta riƙe mana tarihi. Masu mulki sun buga hotunansu a kalanda da baji, sun ba kansu manyan laƙabobi, amma sunan da talaka ya raɗa musu a tasha shi ne ya rage. Wole Soyinka ya yi wasan kwaikwayo a 2001 a kan irin wannan mulki ya sa masa King Baabu, mai jin Hausa ba ya bukatar a fassara masa sunan. Har yanzu duk lokacin da aka ce an dawo da wani kaso na kuɗin da aka kai Suwizalan da wasu ƙasashe a zamanin Abacha, sai ka ji ana raha wai har yau shi ke aiko wa ƙasa da kuɗi. Ni ba na son wasa da wanda ya riga mu gidan gaskiya, hisabinsa na wurin Ubangijinsa. Amma na lura da wannan raha ce yaran da ba su gan shi ba suke sanin an yi sata.

Amsata ga Alhaji

Abin da na karanta a gaban malamaina shi ne, Suratul Hujurati ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ta hana jifa da miyagun laƙabobi. Suratun Nisa'i kuma, a inda ta nuna Allah ba Ya son bayyana mummunar magana, ta keɓe wanda aka zalunta. Malamai sun kuma tsawatar a kan yin ƙarya don a ba mutane dariya. In ka haɗa waɗannan, ka auna da tarihin da na kawo, hanya ta fito a nawa ɗan guntun sani. Wanda aka danne ya nuna aikin mai danne shi, ko da ta hanyar wasa ne, muddin gaskiya ya faɗa, ban ga ta inda zan hana shi ba. Amma in ya ƙaga ƙarya, ko ya koma kan halittar mutum da iyayensa da iyalinsa, ko ya bar mai mulki ya kama ƙabilarsa, to ya fita daga wancan ya shiga abin da aka hana. Mu da aka yi wa haka a molue, bai kamata a ji mu muna yi wa Bayarabe ko Inyamuri ba don yau nasu ne a sama.

Ku kuma samari, kada ku ɗauka abin ya wuce da tafiyar kaki. A Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa matasa biyu bulala 20 kowanne, da tara, da sharar harabar kotu, saboda wasan da suka yi wa gwamna a TikTok. Tsakanin bulalar Fatakwal da wannan shekara 49 ne. Kafin ka tura abu, ka tabbata gaskiya ne, ka tabbata aikin mutum ka taɓa, ka kuma san kana iya biyan kuɗinsa.

Kai kuma Alhaji, yayana, ka tuna wanda ya fi kowa dariya a layin banki a 1984, don mahaifina ya ba ni labari. Goronka na nan na ajiye maka, ka zo mu ƙarasa gardamar bayan La'asar.

Allah Ya ba mu shugabanni masu adalci, Ya kare mu daga zalunci da goyon bayan zalunci, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Wassalamu alaikum.